Zango Ɗaya a Waje: Yadda Ɗalibin Shekarar Farko Zai Zaɓi Darussa Ya Dawo Maradi da Kiredinsa

Daga Maradi zuwa Katsina tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, Yamai kuwa ta haura 600. Shi ya sa idan yaro ya ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, a Maradi, ko Tsibiri, ko Jiratawa, maganar karatu a ƙetare ba baƙuwa ba ce a gidansu. Wani ya yi rajista a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, sai dama ta samu ya je wata jami'a ya yi zango ɗaya ya dawo. Wani kuma can ya fara, a Kano ko Aljeriya ko Turkiyya, bayan wata biyar ko shida kuɗi suka yanke, ko ciwo ya kama shi, ko aka neme shi a gida, ya dawo yana son ci gaba a nan. Su biyun tambayarsu ɗaya ce: karatun da na yi a can, za a lissafa mini shi?

Ana lissafawa, amma ƙwazo kaɗai bai isa ba. Jami'a da takarda take aiki, kuma takardar da ta fi kowace nauyi tun kana gida ake sa mata hannu, kafin ka hau mota. Babu abin da ya kai takaici irin yaro ya ci jarrabawarsa a can lafiya lau, ya dawo a ce ya maimaita shekara, alhali da ya san ofishin da zai shiga kafin tafiyar da hakan bai faru ba. A gidan da aka sayar da gyaɗa ko raguna aka haɗa kuɗin hanya, asarar shekara guda kowa sai ya ji ta a jikinsa.

Fara da sanin ma'auni

Jami'o'in Nijar kan tsarin LMD suke tafiya: lisans shekara 3, masta shekara 2, dokta shekara 3. Tsarin ya faro ne daga yarjejeniyar Bologna ta 1999 a Turai, ƙungiyar UEMOA kuma ta umarci ƙasashenta su bi shi a 2007. Jami'ar Maradi, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Damagaram da ta Tawa, a cikin wannan tsari ta tashi. Kowane zango kiredi 30 ne, shekara 60, lisans gaba ɗaya 180. Kiredi daban yake da maki. Maki yana nuna yadda ka ci, kiredi yana auna yawan aikin da darasin ke ɗauka: zaman aji, da TD na atisaye, da TP na ɗakin gwaji, da karatun da kake yi kai kaɗai da dare. A ƙasashen CAMES, hukumar ilmi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, ana ƙiyasta kiredi ɗaya da aikin awa 20 zuwa 25. A Turai, inda ake kiransa ECTS, awa 25 zuwa 30 ne. Turkiyya ma wannan lissafin take bi, da sunan AKTS.

Darussan kuma an ɗaure su rukuni-rukuni, abin da ɗalibai ke kira UE. Idan matsakaicin makinka a rukunin ya kai 10 bisa 20, ka samu kiredinsa, kuma ya zama naka har abada. A cikin rukuni ɗaya darasin da ka ci da kyau yakan ɗaga wanda ka yi rauni. Riƙe wannan a ranka, domin ba kowace ƙasa ke yin wannan rangwamen ba.

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwanni biyu ya san sunan tiya ɗaya ne, cikinta ne ya bambanta. Haka kiredi yake da zarar ka wuce Ɗan Isa ka shiga Jibiya. A Najeriya yunit ake cewa, kuma yunit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta lacca a kowane mako har mako 15, ko awa uku a mako idan aikin ɗakin gwaji ne. Karatun da ɗalibi ke yi a ɗakinsa ba ya cikin lissafin. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta tsara ɗalibi ya ɗauki yunit 15 zuwa 24 a zango, digirin shekara huɗu kuma ba ya gaza yunit 120. Idan ka raba 120 gida takwas za ka samu 15, wato mafi ƙarancin zango a can yana tsaye ne kusa da kiredi 30 na nan. Daga nan ake samun lissafin da mutane ke yi na cewa yunit ɗaya kamar kiredi biyu ne. Ƙiyasi ne mai amfani wajen shiri, amma ba doka ba ce. Wanda zai yanke shi ne sashenka a Maradi. Ɗalibin da ya dawo da takarda mai yunit 18 ba tare da bayani ba, ana iya karanta ta a ce kiredi 18 ya samu cikin 30, ya faɗi zango ke nan a idon wanda bai san ma'aunin can ba.

Akwai kuma wani bambanci da ba a cika lura da shi ba. Mai bak ya yi shekara 13 a makaranta kafin jami'a, ɗan Najeriya 12. Saboda haka wani ɓangare na abin da ake koyarwa a ajin farko na jami'o'in Najeriya, kamar MTH 101 mai aljabara da tirigonometiri, mai bak C ko D ya riga ya gan shi a lise. Darasin da ya yi daidai da zangonka na biyu a Maradi yana iya kasancewa a ajinsu na biyu. Kada lambar aji ta ruɗe ka. Abin da ke cikin darasin za ka duba.

Shin a shekarar farko ya kamata ka tafi?

Ra'ayina a fili yake: idan kana da zaɓi, ka jira zango na uku ko na huɗu. Shekarar farko ita ce ginshiƙi. A Tsangayar Kimiyya da Fasaha, ko ta Aikin Gona da Muhalli, darussan wannan shekarar kusan duk dole ne, kuma kowanne akwai wani a gaba da ke zaune a kansa. Babu sararin zaɓi sosai, don haka samun kwatankwacin zango cif a wata jami'a yana da wuya. Jami'o'i da yawa ma ba sa tura ɗalibi musaya sai ya kammala shekara guda. Idan kuwa likitanci kake karanta a Tsangayar Kimiyyar Lafiya, ko kana cibiyar fasaha ta IUT inda aikin hannu ya fi yawa, sharuɗɗan sun fi tsauri, kada ka motsa sai shugaban tsangaya ya amince a rubuce.

Amma dama ba ta jiran lokacin da ya fi maka daɗi. Idan a shekarar farko ta zo, ka yi zangon farko a gida, ka ci shi, sannan ka tafi a na biyu. Ta haka kana da lambar rajista, kana da takardar sakamako ta farko da jami'ar can za ta gani, kuma malaman da za su sa maka hannu sun san fuskarka.

Ka kuma tambayi ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'arka wace yarjejeniya ce ke raye a yanzu. Shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai ya buɗe wa jami'o'in Afirka tun 2015, amma tsakanin jami'a da jami'a yake aiki, ɗalibi ba ya nema da kansa kai tsaye. Inda akwai yarjejeniya, rabin aikin an yi maka. Inda babu, kai ne za ka yi zirga-zirgar, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba ya zama wajibi a kanka ninki biyu.

Zaɓen darussa

Nan ne aikin yake, kuma da takardar gida ake farawa. Ka je sashenka ka karɓi jadawalin darussan zangon da za ka yi rashi, wanda ake kira maket: sunan kowane rukuni, darussan da ke cikinsa, kiredinsa, awoyinsa. Sannan ka nemo kundin darussan jami'ar da za ka, tare da cikakken bayanin kowane darasi: batutuwan da ake koyarwa mako-mako, awoyi, yadda ake jarrabawa. Idan babu a shafinsu na intanet, ka rubuta wa sashen ka roƙa. Ka ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya, na Maradi a dama, na can a hagu, ka riƙa haɗa kowanne da abokinsa.

Ka fara da rukunan tushe, masu kiredi da yawa, waɗanda darussan shekara ta biyu ke dogara a kansu. A ce ɗaliba ce daga Jiratawa, ta tashi tana ganin noman rani a fadamar garinsu, da zogalen da ake lodawa zuwa kasuwanni, ta shiga aikin gona da zuciya ɗaya. Ta buɗe kundin wata jami'a ta ga darasin dabarun ban ruwa, da na kasuwancin amfanin gona. Dole ranta ya biya, kuma tana da gaskiya, darussa ne da za su yi mata amfani a rayuwa. Sai dai maket ɗinta na zango na biyu ilmin sinadarai yake nema, da na tsirrai, da lissafi. Idan ta ɗauki waɗancan ta bar waɗannan, za ta dawo da ilmi mai kyau da kiredin da babu gurbin sa shi, ga bashin rukunan tushe yana jiranta. Abin da ya dace ta yi shi ne ta cika na dole tukuna, sannan idan akwai sarari ta ƙara guda ɗaya na sha'awa, ta roƙi a lissafa mata shi a gurbin darasin zaɓi in akwai, in babu kuma ta san don kanta ta ɗauka.

Suna yana yaudara ta fuska biyu. Darussa biyu suna iya zama da suna ɗaya, ɗaya ya tsaya inda ɗayan ya fara. Wasu kuma sunansu daban, cikinsu ɗaya. Malamin da zai duba maka ba ya neman su zo daidai kalma da kalma, yana so ya ga mafi yawan batutuwan sun haɗu kuma matakin ɗaya ne. Wani lokaci darussa biyu ƙanana na can ne za su cike rukuni ɗaya na nan, wannan ba laifi ba ne muddin an rubuta.

Ka lura da TP sosai. A Maradi aikin ɗakin gwaji yakan zo a cikin rukunin darasin. A Najeriya darasi ne mai zaman kansa da lambarsa: wanda ya ɗauki CHM 102 bai ɗauki CHM 108 ba, laccar sinadarai kawai ya yi, bai taɓa kwalba ba. Idan ya dawo, malamin sinadarai yana da hujjar cewa rukunin bai cika ba.

Sai lokacin da ake bayar da darasin. Ba kowane darasi ake koyarwa a kowane zango ba. A yawancin jami'o'in Najeriya lambar da ta ƙare da mara ta zangon farko ce, wadda ta ƙare da cika ta na biyu. Ka tabbata darasin da ka zaɓa yana gudana a watannin da za ka kasance a can, kuma ba ya neman wani darasi da ba ka yi ba. Ka duba ko lokutan darussa biyu sun ci karo, musamman idan ka haɗo daga aji biyu daban-daban, domin jadawalinsu ba don irinka aka tsara shi ba.

Darussan gama-gari na can ma sai an yi hattara. GST 111, na sadarwa da Ingilishi, yana iya maye gurbin darasin Ingilishin da ke maket ɗinka, har ya fi shi. GST 112 kuwa, na al'ummomi da al'adun Najeriya, da wuya a samu inda za a sa shi a nan. Ɗalibin musaya yakan iya neman a ɗauke masa irin wannan.

Harshe shi ne abin da ɗalibanmu suka fi rainawa. A Katsina ko Kano ko Sakkwato za ka yi ciniki da Hausa, ka yi abokai da Hausa, ka ji kamar kana gida. Amma lacca da Ingilishi ce, jarrabawa ma haka, kuma wanda ya yi shekara 13 yana rubuta lissafi da Faransanci sai ya sake koyon sunayen abubuwan da ya riga ya sani. A Turkiyya ka tabbatar da harshen kowane darasi ɗaya bayan ɗaya, domin a sashe ɗaya ana iya samun na Turkanci da na Ingilishi. Saboda wannan, kada ka ɗora wa kanka fiye da kwatankwacin kiredi 30 don burge kowa. Darussan lissafi da na gwaji sun fi sauƙin ɗauka a baƙon harshe fiye da waɗanda ake rubuta dogon bayani. Kuma ka tanadi darussa biyu ko uku na ko-ta-kwana, a amince da su tun yanzu, saboda kana iya isa ka tarar an rufe wani ko aji ya cika.

Takardar da za ta tsaya maka

Idan ka gama haɗawa, ka mayar da ita yarjejeniyar karatu. A shirin Erasmus+ akwai fom na musamman, mutum uku ke sa hannu: ɗalibi, jami'ar gida, jami'ar da za ta karɓe shi. Ko babu shirin da ya kai ka, ka yi irinta da kanka. Shafi ɗaya ya isa: darussan can da yunit ko kiredinsu, rukunan Maradi da za su maye, da jimla a ƙasa.

Wanda zai sa hannu shi ne mai ikon amincewa da darussa, wato shugaban sashe ko malamin da ke kula da lisans ɗin, sannan hatimin tsangaya. Malamin da yake ƙaunarka ya ce maka, "Je ka, ɗana, babu damuwa," ka gode masa, amma ka ce, "Malam, don Allah a taimaka a rubuta mini, saboda ranar da zan dawo." Ba rashin yarda ba ne. Shugabannin sashe suna sauyawa, malamai suna tafiya ƙarin karatu, kuma wanda za ka tarar a kujerar bai ji alkawarin da aka yi maka ba. Ka kai masa bayanan darussan a buge, waɗanda ke Ingilishi ka haɗa da fassara, kada ka sa shi neman abin da kai ya kamata ka kawo.

Abu biyu ne ake mantawa a wannan takarda, kuma su ne ke kawo rigima daga baya. Na farko, yadda za a juya maki. A Najeriya 70 bisa 100 shi ne A, babu matakin da ya fi shi. Idan aka raba da biyar kawai, ya zama 14 bisa 20, maki mai kyau amma ba ƙololuwa ba, an rage maka ke nan. Mafi muni yana ƙasa: a jami'o'i da yawa na can 40 ci ne, 45 ma ci ne, amma da wannan rabon sun zama 8 da 9, wato faɗuwa a Maradi. A Turkiyya haruffa ake bayarwa daga AA zuwa FF, kuma DC da DD a jami'o'i da yawa ci ne na sharaɗi, ya danganta da matsakaicin makinka. A Jamus 1 ne mafi kyau, 4 ne iyakar ci. Aljeriya da Maroko da Senegal da Burkina Faso bisa 20 suke bayarwa kamar mu, wannan ya sauƙaƙa. Saboda haka a rubuta ƙa'ida tun farko: darasin da jami'ar can ta ce an ci, a nan ma an ci, ga kuma jadawalin da za a bi wajen juya makin.

Na biyu, abin da zai faru idan ka faɗi darasi ɗaya. A Najeriya babu ɗaga darasi da darasi. Wanda ka faɗi ya zama kari-oba, sai shekara ta zagayo ka sake shi, kai kuma lokacin ka dawo gida. A rubuta ko za a bar ka ka shiga jarrabawar gyara (ratirapaj) ta rukunin a Maradi, ko za ka wuce da bashinsa bisa dokar jami'a.

Idan ka isa can wani abu ya sauya, kada ka musanya darasi da kanka. Ka rubuta wa shugaban sashenka ta imel, ka jira amsa, ka adana ta. A ƙa'idar Erasmus+ mako biyar ake bayarwa daga fara zango don neman sauyi. Ka ɗauki wannan a matsayin iyakarka ko ina ka je.

Kalanda, iyaka da rajistar gida

A Turai da Turkiyya da arewacin Afirka zangon farko yakan fara a Satumba ko Oktoba ya ƙare a Janairu, na biyu daga Fabrairu zuwa Yuni. Jami'o'in gwamnati na yankinmu kuwa kalandarsu takan goce. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na 2022 ya rufe jami'o'in gwamnatin tarayyar Najeriya wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma tun daga nan kowace jami'a da nata lissafin watanni. A Nijar ma shekarun karatu sukan hau kan juna. Ka samo ranakun gaskiya na bana daga jami'o'in biyu, ka tabbata ba za ka tafi kafin jarrabawar zangon farko ba, kuma ba za ka dawo bayan an yi nisa a na uku ba.

Hanya ma ba tabbas gare ta ba. An rufe iyakar Najeriya da Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Faransa ta dakatar da bizar ɗaliban Nijar a Satumban 2023, ta kuma rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025. Duk wannan yana nufin ka bincika takardun tafiya da ake nema a lokacin da za ka tafi, kada ka dogara da labarin wanda ya je shekara uku da suka wuce.

Kada ka bar rajistarka ta Maradi ta mutu. Ka biya kuɗin shekara, ka karɓi shaidar rajista, domin ɗalibin da ba ya cikin littafi ba a zuba masa kiredi. Idan kana karɓar burs ko tallafi, ka sanar da hukumar ANAB a rubuce kafin tafiya. Idan kana da ɗaki a hannun CROU, hukumar masaukin ɗalibai, ka daidaita da su. Ka bar wa wani amintacce a gida, yaya ko kawu, kwafin duk takardunka da wasiƙar wakilci, saboda abin da zai taso a sikolarite, ofishin rajistar ɗalibai, kana nesa.

Jami'ar da za ka, an san da ita?

Wannan tambayar iyaye ne ya kamata su fi riƙe ta, tunda su ake zuwa wa da takardun talla masu hotunan gine-gine. Kiredi daga makarantar da hukumar ƙasarta ba ta amince da ita ba ba ya zuwa ko'ina. A ƙasashe masu Faransanci ka duba amincewar ma'aikatar ilmi mai zurfi ta ƙasar, da kundin digirorin da CAMES ta amince da su. Ita CAMES a Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, hedkwatarta tana Wagadugu. Najeriya ba ta cikinta, a can jerin NUC za ka duba, kuma ka duba fannin kansa, domin ana iya amincewa da jami'a ba a amince da wani fanni nata ba. A Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo bayan binciken jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ake sayen digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Masu karatun gaskiya ma abin ya shafe su. 'Yan'uwanmu na Najeriya da ke zuwa Maradi karatu a jami'o'i masu zaman kansu, irin su Jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a 2013, su ma wannan shawarar tasu ce ta ɗaya fuskar: su tambayi jami'ar da suke son komawa abin da za ta karɓa tun kafin su fara.

Kana can

Tun makon farko ka buɗe jaka ta takardu. Shaidar rajistar darussa, bayanin kowane darasi da malami ya raba, jadawalin mako, rahotannin TP da aka duba maka, takardun gwaji. Ka ɗauki hoton kowanne ka tura wa kanka ta imel. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023, ɗaliban ƙasar Hausa da yawa sun fito da abin da hannu zai iya ɗauka kawai, jami'o'insu a rufe, babu mai ba su takardar sakamako. Wanda yake da kwafi a waya yana da abin nunawa.

Kafin ka baro garin, ka je ofishin jarrabawa ka cika buƙatar takardar sakamako, ka biya abin da ake biya, ka karɓi rasit, ka san sunan ofishin da lambarsa. Ka roƙi a haɗa da bayanin ma'aunin makinsu da ma'anar yunit ɗinsu, da hatimi. Ka sauke duk bashin ɗakin karatu da na masauki, domin littafi ɗaya da ba a mayar ba yana iya riƙe takardar. A Erasmus+ mako biyar aka ɗibar wa jami'a ta aiko da sakamako bayan fitowarsa. A wasu wuraren yakan ɗauki watanni, don haka ka nemi ko da shaidar wucin gadi mai sa hannun shugaban sashe ka taho da ita.

Wanda ya fara a can ba tare da yarjejeniya ba

Kai naka ya fi wuya, amma ba a rufe yake ba. Abin da za ka nema shi ne daidaita karatu, wanda ake kira ekibalans. Ka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban tsangaya, ka haɗa da shaidar bak, takardar sakamakon can ta asali, bayanin darussa mai hatimi, da fassarar mai fassara da hukuma ta sani idan ba da Faransanci suke ba. Kwamitin malamai zai duba rukuni-rukuni. Ka sa a ranka ba lallai a karɓi duka ba. Idan aka ɗauke maka rukuni uku cikin shida, ka karɓa, ka yi sauran da nauyi mai sauƙi. Ka shigar da buƙatar lokacin rajista, kuma ka ci gaba da shiga aji har amsa ta fito, kada ka zauna gida kana jira a ce ka yi fashin TP.

Ranar dawowa

Ka kai takardar sakamako da yarjejeniyar da aka sa wa hannu wurin shugaban sashe, ka ajiye kwafi a sikolarite, a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin da kwanan wata. Ka tambayi ranar da juri, wato kwamitin malamai, zai zauna kan sakamakon zangon, domin idan takardarka ba ta shiga kafin zaman ba, sunanka zai fito cikin waɗanda ba su yi jarrabawa ba, gyaran kuma yana cin lokaci. Bayan an liƙa sakamako ka karɓi relebe ɗinka na Maradi, wato takardar sakamako, ka duba da idonka cewa kowane rukuni ya fito da makinsa da kiredinsa, jimlar shekara ta kai 60. Idan wani rukuni ya ɓace ko an juya maki ba bisa abin da aka rubuta ba, ka shigar da ƙorafi a rubuce cikin kwanakin da aka ɗiba bayan liƙa sakamako, ka haɗa da kwafin yarjejeniyar, ka miƙa ta hannun shugaban sashe zuwa ga shugaban tsangaya. Asalin takardar can kuma ka adana ta da kyau, za a sake neman ta ranar da ka nemi shiga masta.